Dalilin da Ya Sa Amurkawa Ke Komawa ga Aflatun da Aristo

A kwalejin St. John's da ke Annapolis, a jihar Maryland, ɗalibi ba ya zaɓar fanni. Duk wanda ya shiga, shekara huɗu zai yi yana karanta littattafai iri ɗaya da 'yan ajinsa. Zai fara da waƙoƙin Homer da muhawarorin Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, ya bi ta kan Aristo da Baibul da Agustin da Tomas Akwinas, ya gangaro kan Machiavelli da Hobbes da Kant da Marx. Lissafi ma daga littafin Iƙilidis ake ɗaukarsa, ɗalibi ya tashi gaban allo ya kafa hujja da kansa. Tun 1937 kwalejin ke kan wannan tsari, kuma an daɗe ana yi mata kallon mai ra'ayin riƙau. Yau kuwa, makarantu da dama a Amurka suna kwaikwayonta.

Tushen abin ya haura shekara ɗari. A 1920 John Erskine ya buɗe aji a Jami'ar Columbia inda ake karanta babban littafi guda kowane mako, a zauna a tattauna. Ɗalibinsa Mortimer Adler ya kai tsarin Jami'ar Chicago, ya haɗa kai da shugabanta Robert Hutchins, har a 1952 kamfanin Encyclopaedia Britannica ya buga musu Manyan Littattafan Yammacin Duniya cikin mujalladi 54, na marubuta 74. Dillalai suka riƙa bi gida-gida suna tallarsu. An saya ƙwarai, amma rubutun ƙanana ne, babu sharhi, kuma da yawa sun ƙare a matsayin adon falo.

Daga baya guguwa ta taso. A 1987 ɗaliban Jami'ar Stanford suka yi zanga-zanga tare da Jesse Jackson, suna ƙorafin cewa darasin al'adun Yamma da aka wajabta musu ba ya ɗauke da kowa sai Turawa maza. A shekarar ce Allan Bloom ya fitar da littafinsa mai zargin jami'o'i da toshe basirar matasa, ya kuma yi kasuwa fiye da yadda kowa ya zata. A 1988 Stanford ta sauya darasin. Jami'o'i da yawa suka bi sahu, wasu ma suka daina wajabta karatun tsofaffin littattafai baki ɗaya.

To me ya dawo da su?

Dalili mafi ƙarfi shi ne fargabar cewa karatu mai zurfi yana mutuwa. A 2024 mujallar The Atlantic ta buga rahoton da ya tayar da ƙura, inda malaman manyan jami'o'i, ciki har da Nicholas Dames na Columbia, suka koka cewa ɗalibai na zuwa musu ba su saba gama littafi guda daga farko zuwa ƙarshe ba, domin a sakandare gutsattsarin shafuka ake ba su don shirin jarrabawa. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Iyayen da suka lura da haka suka fara neman makarantun da ake kira na ilimin gargajiyar Yamma, irin rukunin Great Hearts da ya faro a Arizona ya bazu zuwa Texas, inda yara ke koyon Latin suna karanta cikakken littafi.

Manya ma suna da tasu ƙishirwar. Zena Hitz, malama a St. John's, ta kafa shirin Catherine Project a 2020, lokacin kullen korona: ƙananan rukunoni ne da ke haɗuwa ta intanet su karanta Aflatun ko Dante, ba kuɗi, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Mutanen da suka yi digiri don neman aiki, suka samu aikin, su ne suke dawowa da tambayoyin da digirin bai taɓa ba: mene ne adalci, wa ya cancanci mulki, yaya hankali yake zama da wahayi.

Sai kuma siyasa, wadda ta ba tafiyar kuɗi da ƙarfi, ta kuma shafa mata kashin kaji. Masu ra'ayin mazan jiya sun ɗauki waɗannan littattafai a matsayin makamin yaƙi da jami'o'in da suke ganin sun karkata hagu. A Janairun 2023 gwamnan Florida, Ron DeSantis, ya naɗa sabbin amintattu a kwalejin New College ta jihar da niyyar mayar da ita kamar kwalejin Hillsdale ta masu ra'ayin mazan jiya, kuma malamai da yawa suka bar wurin. A Satumban shekarar, jami'o'in gwamnatin jihar suka amince da jarrabawar shiga ta CLT, wadda Jeremy Tate ya ƙirƙiro a 2015 kuma take ɗauko tambayoyinta daga tsofaffin marubuta. Sakamakon shi ne malamin da ke son koyar da Aristo a yau sai ya fara da wanke kansa daga zargin ɓangaranci, abin da ba ƙaramar asara ba ce.

Asara ce domin tarihin waɗanda suka amfana da littattafan bai yarda da wannan rabo ba. Martin Luther King, a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, da Sukrat da Agustin da Akwinas ya kafa hujjar cewa dokar zalunci ba ta cancanci biyayya ba. A 1995 Earl Shorris ya buɗe ajin Clemente a New York don koya wa talakawa da marasa matsuguni falsafa da adabi, tsarin da aka kwaikwaya a garuruwa da dama. Roosevelt Montás, wanda ya zo daga Jamhuriyar Dominika yana ɗan shekara goma sha biyu ba ya jin Turanci, ya tsinci littafin Aflatun cikin sharar maƙwabta, daga baya ya shugabanci shirin manyan littattafai na Columbia tsawon shekara goma. Lokacin da Jami'ar Howard, ta baƙaƙen fata, ta rushe sashen nazarin Girkanci da Latin a 2021, Cornel West, wanda babu mai kiransa ɗan mazan jiya, yana cikin waɗanda suka fi yin tir.

Duk da haka, masu sukar jerin Manyan Littattafan suna da gaskiyarsu. Bugun 1952 bai sa mace ko ɗaya ba. Na 1990, mai mujalladi 60, ya sa mata huɗu amma babu baƙar fata. Giɓin da ya fi cutar da fahimta kuwa shi ne rashin malaman Musulunci. Akwinas yana ambaton Ibn Rushd da Ibn Sina a kai a kai, yana karɓa yana mayar da martani, kuma sharhin Ibn Rushd kan Aristo, da aka fassara daga Larabci zuwa Latin a ƙarni na 13, shi ne abin da jami'o'in Turai suka jingina da shi. Wanda ya tsallaka daga Agustin zuwa Akwinas bai bi ta Bagadaza da Kurɗuba ba, rabin muhawarar ya ji. Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram ba baƙo ba ne a wannan silsila: Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da ake karantawa a zaure, shi ne kuma ya waƙe Sullam a kan ilimin manɗiƙi, wanda asalinsa ke komawa ga Aristo.

Wasu makarantun sun fara gyara. Columbia ta sa Alƙur'ani cikin darasinta na wayewar zamani, ita kuwa Kwalejin Zaytuna ta Musulmi a Berkeley, wadda ta samu amincewar hukuma a 2015, tana karantar da Aristo tare da Imam Gazali. Waɗannan su ne suka fi kusa da daidai. Amfanin da aka tabbatar a St. John's da Clemente ya fito ne daga yadda ake karatun: littafi cikakke, aji ƙarami, malami mai tambaya, da ɗalibin da dole ya kare ra'ayinsa da hujja. Irin wannan aji yana da tsada, domin malami ɗaya ba zai iya yin sa da ɗalibi ɗari uku ba, kuma jihar da ta wajabta jerin littattafai ba ta ɗauki isassun malamai ba za ta maimaita abin da ya sami mujalladan 1952 ne.