Tsohuwar Kete: Zangon da Ruwa Ya Haɗiye

Da asuba muka tashi daga Nima, muka bi ta Hohoe zuwa Dambai, inda jirgin fito ya ƙetare da mu kogin Oti. Washegari muka fita daga sabon garin Kete-Krachi da ƙafa, muka gangara bakin Tafkin Volta, muna neman kufan zangon da kakanninmu suka sha ba mu labarinsa.

Abin da muka fara tararwa shi ne rusassun gine-ginen Jamusawa, waɗanda suka kafa sansani a nan a 1894. Bayansu sai ruwa iyakar ganin ido. Wani dattijo ya ɗauke mu a kwalekwale, yana kauce wa kututturan itatuwa da ke tsaye cikin ruwa, masu fasa jirgin wanda bai san hanya ba. Da muka yi nisa, ya nuna ƙasa da filafilinsa, ya ce tsohon garin yana ƙarƙashinmu.

Kete ba ƙaramin zango ba ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro da malamai suka dawo nan. Daga cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubuci a Larabci da ajami, wanda ya yi limanci a garin, ya rasu a 1934. Da aka gina madatsar Akosombo, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1966, tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka kwashe mutane wajen 80,000 zuwa sababbin matsugunai 52.

Tuddan da ruwa bai kai gare su ba suka zama tsibirai. Mun sauka a ɗaya, muka kutsa cikin ciyawa har muka ga duwatsun murhu da fasassun tukwane. Babu wanda zai faɗa mana gidan wane ne.

Wannan shirun ne ya biyo mu har Accra. A Nima da Maamobi akwai tsofaffin da suka ga Kete da idonsu tun ruwa bai zo ba, kuma kullum raguwa suke yi. Ya ku iyaye, mu zaunar da yara a gabansu, mu rubuta sunayen unguwanni da na malamai da na masu gidaje. Ruwa ya ci ginin. Idan sunayen suka ɓace kuwa, laifin namu ne. Allah ya jiƙan magabata.