Mabi Sawu: Yadda 'Yan Jarida Ke Tono Shirin Manyan Hare-hare

Ranar Juma'a da la'asar unguwar Yalwawa ta Dutse kan yi sauƙin mutane. Ma'aikatan da suka yi mako a ɗakunan haya na Dutse sun ɗaure jaka tun safe, ana idar da salla su kama hanyar Wudil, domin da yawansu iyali na Kano. Haka aka yi ranar 20 ga Janairun 2012. Wanda ya yi nawar tashi a ranar, a hanya labari ya riske shi: Kano ta kama da wuta.

Wajen ƙarfe biyar na yamma aka fara jin ƙarar. An kai wa hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya hari, wadda a lokacin ita ke kula da Kano da Jigawa da Katsina. An taɓa hedikwatar 'yan sandan jiha a Bompai, da ofishin SSS, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu ofisoshin 'yan sanda, duk cikin ɗan lokaci. Gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana. Da ƙura ta lafa, 'yan sanda suka ce mutum 185 aka rasa. Cikinsu har da Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe yana kan tambayar mutane abin da suka gani.

Kwanaki kaɗan bayan haka 'yan sanda suka sanar da abin da ya fi ɗaga hankalin mai tunani. Sun ce sun gano motoci goma maƙare da abubuwan fashewa waɗanda ba su tashi ba, da gwangwanayen lemo kusan 300 da aka mayar bama-bamai. Mota goma ba a aljihu ake ɓoye ta ba. Wani ya saye su, wani ya sayar, wani ya ba da hayar gidan da aka ajiye su, wani kuma ya ga ana shiga da kaya ana fita da su ya kawar da kai. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Babban hari aiki ne na watanni, yana cin kuɗi, yana buƙatar mutane, kuma duk inda kuɗi da mutane suka bi sai sun bar sawu. Wannan sawun shi ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf yake bi.

Aikinsa ya bambanta da na mai kawo rahoton yau da kullum. Shi wancan yakan faɗi inda abu ya faru da adadin waɗanda suka mutu, ya saka muryar kakakin 'yan sanda, ya wuce zuwa labari na gaba. Mai bincike kuwa baya yake komawa. Yana so ya san wa ya tsara, da kuɗin wa, tun yaushe, kuma wa ya samu labari bai yi komai ba.

A Najeriya ba a maganar wannan fage a tsallake Ahmad Salkida. Tun yana aiki da Daily Trust a Maiduguri, kafin rikicin Yulin 2009, yake bibiyar jagoran Boko Haram Muhammad Yusuf da almajiransa, lokacin da yawancin mutane ke yi musu kallon wata ƙungiyar wa'azi mai zafin baki kawai. Amfanin wannan doguwar bibiya ya fito a 2011. Ranar 16 ga Yuni wata mota ta bi ayarin Sufeto Janar na 'yan sanda, Hafiz Ringim, ɗan Jigawa, har cikin harabar hedikwatar rundunar a Abuja, ta tarwatse a wurin ajiye motoci. Kwanaki kaɗan kafin nan Ringim ya faɗa a Maiduguri cewa kwanakin Boko Haram sun kusa ƙarewa. Ana ta musu ko ƙunar baƙin wake ce ko a'a, sai Salkida ya buga labarin direban motar a jaridar Blueprint, da sunansa Muhammad Manga, da hotonsa yana murmushi riƙe da bindiga. Magidanci ne ɗan shekara 35, ɗan kasuwa mai 'ya'ya biyar.

Wannan rahoto ya rusa wani tunani da mutane suka kwanta a kai, wai ɗan Najeriya yana son ransa, ba zai taɓa tayar da bam a jikinsa ba. Ya kuma nuna cewa ba almajiri mai yunwa kaɗai ake iya ja ba. Bayan wata biyu, ranar 26 ga Agusta, aka sake irinsa a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja.

To amma kusanci da majiya irin wannan wuƙa ce mai baki biyu. Ƙungiyar da ta ba ɗan jarida hoton maharinta ba don Allah ta ba shi ba, so take a ji tsoronta. Gwanin aiki shi ne wanda zai karɓi bayanin, ya auna shi da abin da ya ji daga maƙwabta da jami'ai da takardu, ya zubar da farfagandar ya riƙe gaskiyar. Ko ya yi hakan ma, zargi ba ya barinsa. An tsare Salkida a 2009, ya bar ƙasar zuwa Dubai a 2013, sojoji suka ce suna nemansa ruwa a jallo a Agustan 2016. Ya dawo da ƙafarsa, aka tsare shi, aka sake shi. A 2020 ya kafa HumAngle, kafar da ta mayar da hankali kacokan kan rikice-rikice da waɗanda suka shafa.

Ba kowane bincike ne ke buƙatar shiga daji ba. Wani a kotu yake. Shari'ar Kabiru Sokoto misali ce. An kama shi a Janairun 2012 a masaukin gwamnan Borno da ke Abuja, bisa zargin hannu a harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011. Ya kuɓuce wa 'yan sanda a Abaji, aka sake cafke shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba, kuma a Disambar 2013 Babbar Kotun Tarayya ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Tserewarsa da harin Kano ne suka zo daf da juna, kafin watan ya ƙare Hafiz Ringim ya bar kujerarsa. A zaman kotu irin wannan ake karanta bayanan da wanda ake tuhuma ya rubuta, ake jin shaidu suna faɗin wa ya san wa. Ɗan jaridar da ya jure zaman benci da ɗage shari'a sau goma, shi ke fita da abin da ba a faɗa a taron manema labarai.

Sai kuɗi, wanda ya fi komai wuyar bi. A Nuwamban 2020 Daily Trust ta fito da labarin wasu 'yan Najeriya shida da kotu ta ɗaure a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2019, biyu rai-da-rai, huɗu shekara goma-goma, bisa samunsu da tura wa Boko Haram dala 782,000 tsakanin 2015 da 2016. Iyalansu sun ce an zalunce su, harkar canji kawai suke yi, jaridar kuma ta buga nasu ɓangaren. Abin lura shi ne hanyar da kuɗin suka bi: ta hannun 'yan canji, inda amana ce takarda, kiran waya ɗaya ya isa a biya wani a Kano abin da aka karɓa a Dubai. Tsarin da ke sauƙaƙa wa ɗan kasuwar Kantin Kwari sayen atamfa shi ne dai mai mugun nufi ke laɓewa a bayansa.

Amma idan aka tattara manyan binciken da aka yi kan hare-haren ƙasar nan, abin da ya fi maimaituwa ba wayon maharan ba ne. Gargaɗi ne da ya iso aka yi biris da shi.

Kafin harin Kano, Boko Haram ta aika wa shugabannin jihar saƙon barazana kan mutanenta da aka kama, kuma bayan harin kakakinta, Abul Ƙaƙa, ya ce wannan ne dalili. A Chibok, inda aka kwashe 'yan mata 276 a daren 14 ga Afrilun 2014, binciken Amnesty International ya ce sojoji a Maiduguri sun samu labari fiye da awa huɗu kafin maharan su iso, ba a tura ɗauki ba. Rundunar ta musanta. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin dogon ba a amince ba. Ranar 5 ga Yulin shekarar aka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni fiye da 800 suka fice, ciki har da 'yan Boko Haram sama da 60, ƙungiyar ISWAP ta ɗauki alhaki. Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa DSS, wato SSS, ta rubuta rahotanni 44 kafin harin. Arba'in da huɗu! Ko wasiƙar neman aure ce aka aika sau arba'in da huɗu, ai an samu amsa.

Ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Harin Mumbai ta Indiya a Nuwamban 2008, wanda ya ci mutum 166, wani Ba'amurke ɗan asalin Pakistan mai suna David Headley ne ya share masa hanya. Sau biyar yana zuwa birnin da sunan kasuwanci yana ɗaukar hotunan wuraren da za a kai wa hari. A 2010 Sebastian Rotella na kafar ProPublica ya tono cewa matar Headley ta kai ƙararsa ga hukumomin Amurka tun 2005, ta faɗa musu alaƙarsa da ƙungiyar Lashkar-e-Taiba. Wata matar tasa ma ta yi irin wannan gargaɗi daga baya.

Akwai masu cewa duk wannan ihu ne bayan hari, mamaci ba ya dawowa don an buga labari. Gaskiya ne ɗan jarida ba jami'in leƙen asiri ba ne, da wuya ya riga mahari isa wurin. Sai dai ba don irin wannan tono ba, jawabin hukuma ne kaɗai zai zama tarihi, kuma jawabin hukuma kullum cewa yake an shammace mu. Wanda aka shammata ba a tuhumarsa. Wanda aka gaya wa ya yi barci kuwa, akwai tambayar da zai amsa.

Shi ya sa mabi sawu ke tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki. A Oktoban 2011 Boko Haram ta kashe Zakariyya Isa na gidan talabijin na NTA a Maiduguri, tana zarginsa da kai rahotonta ga jami'an tsaro. Ranar 26 ga Afrilun 2012 ta tayar da bam a ofishin ThisDay na Abuja da wani gini a Kaduna mai ɗauke da ofisoshin jaridu uku. Daga ɗaya ɓangaren, ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja, suka tafi da editan shiyya Uthman Abubakar da wakili Ibrahim Sawab, saboda labarin shirin ƙwato Baga. A nan dole a yi adalci: ƙorafin sojojin yana da tushe, domin tona shirin ɗan ta'adda daban, tona shirin wanda zai yaƙe shi daban, kuma editoci da kansu sun yi ta muhawara a kai. Amma rufe gidan jarida da bindiga ba shi ne maganin ba, fadar shugaban ƙasa ma da kanta ta sa sojojin suka janye.

A 2022 aka sake gwabzawa. Trust TV ta nuna fim ɗin bincike kan 'yan bindigar arewa maso yamma, bayan Abdulaziz Abdulaziz ya shiga daji ya zauna da Bello Turji. BBC ma ta fitar da nata kan Zamfara, wanda Yusuf Anka ya jagoranta. Gwamnati ta ce ana kambama 'yan ta'adda, hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5. Mutanen ƙauyukan da ke biyan waɗannan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu ba su buƙatar fim ya gaya musu ƙarfin Turji. Na birni ne suka fara gani da idonsu.

A teburin mai shayi a Yalwawa, inda rediyo ke rataye jikin ƙusa ana sauraron labaran safe, akan ji ana cewa Jigawa dai Allah ya rufa mata asiri. Haka ne, idan aka kwatanta da maƙwabciyarta Yobe. Amma ba a ce ba a taɓa ta ba. A Afrilun 2013 an kai hari ofishin 'yan sanda da banki a Ringim. A Afrilun 2014 kuma 'yan bindiga suka shiga Gwaram cikin dare, suka far wa ofishin 'yan sanda da kotun shari'a da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula ɗaya. Ayarin da ya yi wannan aiki ta wata hanya ya shigo, ya wuce wasu ƙauyuka, kuma ya san inda kowane gini yake kafin ya iso.

Tambayoyin da mai bincike zai yi a Gwaram su ne dai na Kano da Kuje: wa ya gani, wa ya kira waya, wa ya ɗauka. Sai dai wakilan jaridu a Dutse ba su da yawa, akasarinsu kuma mutum ɗaya ne ke ɗauke da jiha guda, daga gidan gwamnati zuwa ambaliyar Hadejia, ba kuɗin mai balle na kwana bakwai a ƙauye. Labarin Gwaram bai yi mako a bakin duniya ba. Ranar 14 ga wannan watan bam ya tashi a tashar motar Nyanya da safe, da dare aka shiga Chibok, kyamarori duka suka juya can.