Karatu Ne Ke Rage Ganin Yaro?

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa bara, na sami wani yaro a aji huɗu wanda kullum ya kan kwafi lissafi a karkace. In na rubuta 8 a allo, shi 3 zai rubuta. Na yi ta yi masa faɗa, har na kira shi malalaci a gaban 'yan'uwansa. Ran nan sai na ga yana ƙanƙance ido yana leƙen littafin maƙwabcinsa. Na ce ya dawo bencin gaba. Ashe yaron nan ba ya ganin allo ne, ni kuwa na yi mako uku ina zaluntarsa.

To, mene ne ke jawo wannan? Haske ya kan shiga ido ta gaba, ya ratsa wani ɗan abu garai-garai mai kama da gilashi, wanda ke tattara shi ya sauke siffar abin da a ke kallo a kan wani labule a can bayan ido. In ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima tun yaro yana girma, sai siffar abin da ke nesa ta haɗu tun ba ta kai labulen ba. Na kusa ya fito sarai, na nesa ya yi hazo-hazo. Wannan shi ne gajeren gani. Ba hakiya ba ce, ba kuwa dundumi ba.

Tsofaffinmu su kan ce boko na cin ido, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. A 1867 wani likitan Jamus, Hermann Cohn, ya auna idanun 'yan makaranta wajen 10,000 a birnin Breslau, ya tarar gajeren gani yana ƙaruwa daga aji zuwa aji. A manyan biranen Sin da Koriya ta Kudu, inda yara ke kwana su wuni a kan littafi, wajen 80 ko 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da shi. Gado ma yana da hannu, amma gado kaɗai ba zai yawaita abu haka cikin 'yan shekaru ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, laifin ba na littafi kaɗai ba ne, har da zaman ɗaka. Hasken rana yana taimakon ido kada ya yi tsawon nan. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa waɗansu 'yan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Da aka bayyana sakamakon a 2015, bayan shekara uku, wajen 30 cikin 100 ne suka kamu, amma a makarantun da ba a ƙara ba sun kai wajen 40. Taiwan kuwa tun 2010 ta nemi makarantu su fitar da yara waje awa biyu kullum. Watau malamin da ke tsare yara a aji lokacin shan iska don horo, sai ya sake tunani. Ni ma na yi haka, ba sau ɗaya ba.

Mu da mu ke duƙufa dare da rana saboda jarrabawa, ya kamata bayan kowane minti 20 mu ɗaga kai mu dubi wani abu can nesa, gama naman ido ya kan gaji da kallon kusa. Kada mu manna littafi ko waya a hanci. Karatu da fitila mai dishi-dishi ya kan gajiyar da ido ya kawo ciwon kai, ko da ya ke gajiyar ta kan wuce in an huta.

Idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa, sai dai tabarau ya gyara ganin. Uban yaron nan da fari ya ƙi, wai tabarau zai ƙarasa kashe idon. Sai da hedimasta ya taka har gida ya nuna masa ba haka ba ne, kāna ya yarda aka kai shi asibiti aka auna shi.