Tabon da Ke Gyara Bugun Zuciya

Daga cikin ayoyin hikimar Ubangiji a jikin ɗan Adam, kaɗan ne suka kai bugun zuciya bin ƙa'ida, domin kowane bugu yana tasowa ne daga wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama na zuciyar, inda siririn lantarki yake fita ya ratsa tsoka, ta matse, jini ya gudana. Idan kuwa wannan nizami ya ɓaci, ɗakunan sama biyu suka bar matsewa suka koma karkarwa fiye da sau 300 a minti guda, to jini yakan kwanta cikin wani ɗan aljihu na ɗakin hagu ya daskare, kuma gudan nan, in ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa, shi ne sababin shanyewar ɓarin jiki, wadda haɗarinta ga mai wannan lalura ya ninka na waninsa kusan sau 5.

A shekarar 1987 wani likitan fiɗa, James Cox, a birnin St. Louis na Amurka, ya yi amfani da wata haƙiƙa da aka daɗe da sani, wato tabo ba ya wuce da lantarki. Sai ya tsattsaga bangon ɗakunan bisa tsari, ya sake ɗinke su, har tabon da ya biyo baya ya zama tamkar lungunan tsohon birni da aka toshe, aka bar wa mai tafiya hanya guda tak. Natijar ta yi kyau ƙwarai, amma wahalar aikin da tsawonsa suka sa likitoci ƙalilan ne suka iya ɗaukarsa.

Sauƙi ya zo ta fuska biyu. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana cewa galibin tartsatsin da ke tayar da fitinar yana fitowa ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Sannan wajen 2002 Ralph Damiano ya maye gurbin yawancin yankan da awartaki mai ƙona tsoka da zafin lantarki, tare da sandar da ke daskarar da ita da matsanancin sanyi, ta yadda ake samun tabon ba tare da wuƙa ba, cikin lokaci kaɗan.

Mas'alar ta shafe mu kai tsaye, domin a ƙasashenmu wannan karkarwa takan kama har matasa, sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da aka yi sakaci da shi har ya lalata ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu. Wajibi ne, saboda haka, duk wanda za a buɗe wa ƙirji don gyaran wannan ƙofa ya tambayi likitansa ko za a gyara bugun a lokaci guda, kuma wajibi mafi girma yana kan iyaye, su kai yaro asibiti tun ciwon yana maƙogwaro, lokacin da penisilin mai araha take isa ta kare zuciyarsa.