Lokacin palu a Nijar: malamin jinya ne ke ɗaukar laifin maganin da babu

Duk wanda ya taɓa kwana da mara lafiya a ɗakin yara cikin watan Satumba ya san yadda dare yake. Gadaje sun cika, wasu yaran biyu a gado ɗaya, uwaye sun shimfiɗa tabarmi a baranda, maza kuma suna waje suna jiran a aike su farmasi. A tsakiyarsu akwai malamin jinya mai gardin dare, yana neman jijiya a hannun yaron da jininsa ya ƙare, sau da yawa da fitilar wayarsa idan wuta ta ɗauke.

Haka abin yake kowace shekara daga Yuli zuwa Oktoba. A lokacin ne masassarar cizon sauro, wadda ake kira palu, take haɗuwa da tamowa, domin rumbuna sun yi ƙasa kuma sabon hatsi bai shigo ba. A Magarya ta jihar Damagaram da Madarunfa ta jihar Maradi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa ɗakunan yara saboda wannan cunkoso.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce ƙasa na buƙatar aƙalla ma'aikata 4.45, wato lokotoro da malaman jinya da ungozoma, ga kowane mutum 1,000. Nijar ba ta kai ko ɗaya ba. Shi ya sa a yawancin cibiyoyin CSI na karkara, majo, wato shugaban cibiyar, malamin jinya ne. Shi ne zai duba mara lafiya, ya yi gwajin palu, ya rubuta magani, ya sa ƙarin ruwa, ya cika rajista, wani lokacin har ya karɓi haihuwa idan babu ungozoma. Gidansa yakan kasance cikin cibiyar ko kusa da ita, don haka babu lokacin da za a ce ya tashi daga aiki.

Sai dai abin da ya fi ci wa ma'aikatan tuwo a ƙwarya shi ne maganar "kyauta". Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tsarin shi ne cibiya ta yi aikin, daga baya gwamnati ta biya ta. An shafe shekaru biyan yana makara, kuma idan ya makara, ɗakin magani sai ya zama wayam. A nan ne malamin jinya zai miƙa wa uba ordonans ya ce ya je ya sayo a waje. Uban, wanda ya ji a rediyo cewa kyauta ne, yana iya ɗauka an ɓoye maganin ne ko an sayar. Bai san wanda ya tsaida kuɗin a Yamai ba, wanda ke tsaye gabansa da farar riga kawai ya sani.

A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Jama'a sun yi marhabin da matakin. Amma duk sauƙin da aka yi yana ƙara yawan masu zuwa, kuma idan ba a ƙara ma'aikata da magani ba, nauyin a kan mai gardi ɗaya yake sauka.

Ga kuma matsalar aikin kansa. Matashi zai shafe shekaru uku a makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, ko a ɗaya daga cikin makarantu masu zaman kansu da suka yawaita, ya fito da takarda amma babu gurbi. Wasu sai su shiga aikin sa-kai a asibiti don kada hannunsu ya mutu, wasu su samu kwantiragi, suna jiran ranar da za a ɗauke su aikin gwamnati. Batun ɗaukar aiki da alawus na cikin abin da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ta sha kai wa gwamnati. Mai aikin sa-kai yana fuskantar haɗarin allura da jinin mara lafiya kamar kowa, kuma kuɗin man babur ɗinsa daga aljihunsa yake fita.

Wannan bai wanke kowa ba. Akwai masu tsawa ga uwar da ta kawo yaro a makare, akwai masu neman na goro kafin su taɓa mara lafiya, kuma iyalai na da gaskiya idan suka koka. Amma ɗan ci-rani da aka kira daga gida aka ce an rubuta magani na jika goma, kafin ya yanke hukunci yana da kyau ya tambaya ko maganin akwai shi a ɗakin magani na cibiyar.

Akwai kuma abin da iyali za su iya yi wanda zai rage layin dare. Maganin rigakafin palu da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a lokacin damana na kwana uku ne kowane wata: ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuma uwa ce za ta bayar a gida, kuma a nan ne ake yawan mantawa. Yaron da aka kai likita ranar da jikinsa ya fara zafi, gwajin mintoci kaɗan da ƙwayoyin kwana uku sukan ishe shi. Wanda aka jira har ya fara suma, sai an nemi gado, a nemi jini, a nemi wanda zai kwana a kansa.