Goyon da wuyansa ya ƙi tsayawa: kada a jira sai ya shekara biyu

Daga kasuwar Katako ta Yamai har zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, ba a rasa mace mai sana'a da goyo a baya. Mafi yawan jinjirayen nan suna girma lafiya lau. Amma jefi-jefi akan ga wanda ya yi wata shida kansa yana langaɓewa, ko wanda ƙafafunsa suke sandarewa in an zo saɓa shi. Maƙwabtan rumfa sai su ce ƙiba ce, ko lalaci, a ƙyale shi zai yi. In abin ya daɗe sai a fara raɗa: ɗan ruwa ne, ko iska ta taɓa shi. Muna so yau mu yi magana a kan waɗannan yara, don watannin da ake ɓatawa ana jira su ne suka fi kowane lokaci tsada a rayuwarsu.

Mine ne wannan ciwo?

Likitocinmu suna rubuta shi da haruffa uku a cikin karnen yaro: IMC. Ma'anarsa shanyewar jiki wadda tushenta yake cikin ƙwaƙwalwa. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umurni ne yake samun rauni, ko tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Ba shan inna ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma wanda ya ɗauki yaron ko ya ci abinci tare da shi ba zai kamu ba. Raunin ba ya ƙaruwa, sai dai in an bar yaro kwance ba motsi, jijiyoyi su ƙanƙance, gaɓoɓi su lanƙwashe, har gyara ya yi wuya.

Wani likitan Ingila mai suna William Little ya yi bayaninsa tun shekarar 1861, ya kuma danganta shi da wahalar haihuwa. A duniya ana lissafin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1000 da aka haifa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe matalauta. Ranar 6 ga watan Oktoba ta kowace shekara an keɓe ta don tunawa da masu wannan lalura.

Abubuwan da suke kawo shi a wajenmu

Na farko doguwar naƙuda. In mace ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida, jinjiri yakan rasa iska, ya fito bai yi kuka ba. Na biyu haihuwar bakwaini. Na uku shawara mai tsanani a satin farko. Ga al'adarmu mai jego da jinjiri suna cikin ɗaki har ranar suna, ɗakin kuwa sau da yawa da duhu, sai jiki ya yi rawaya ba wanda ya lura. A riƙa fitowa da shi bakin ƙofa kullum a duba idonsa da dasashinsa da hasken rana. In rawayar ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko jinjiri ya daina kama nono, a nufi likita a ranar. Maganinta wata fitila ce mai shuɗin haske da ake sa jinjiri a ƙarƙashinta. Shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa. Na huɗu sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, waɗanda ƙasarmu ta san su sarai.

Alamun da uwa za ta lura da su

Uwa ta riga likita gani, don ita take wanka, ita take goyo. Ga abin dubawa:

Wata 4 ya cika, wuya bai tsaya ba, ko hannuwa kullum a dunƙule da babban yatsa a ciki.

Jiki ya yi laushi kamar tsumma, ko kuwa ya yi tauri, yaro yana banƙarewa baya in an ɗauke shi, ƙafafu suna harɗewa kamar almakashi.

Wahalar tsotso, yawan ƙwarewa da tari wajen shan nono ko kunu.

Amfani da hannu ɗaya kawai kafin ya shekara, ɗayan yana rataye. Wannan ba bahagonci ba ne, don yaro ba ya zaɓen hannu da wuri haka.

Wata 9 bai zauna da kansa ba, ko wata 18 bai taka ba.

Ga bakwaini, a cire satin da ya rage masa a ciki kafin a yi lissafi. Alama ɗaya ba hukunci ba ce, amma ta isa a kai yaro a duba.

Don mi ake gaggawa?

A da, likitoci da kansu sukan jira yaro ya kai shekara ɗaya ko biyu kafin su faɗi sunan ciwon. A shekarar 2017 ƙwararru daga ƙasashe da yawa suka fitar da ƙa'ida cewa ana iya gane shi, ko a gane yaron da yake cikin haɗarinsa, tun bai cika wata 6 ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin ba ta bukatar allura ko magani: masani ne yake kallon yadda jinjiri ɗan wata 3 zuwa 5 yake ƴan motse-motsensa in an kwantar da shi rigingine. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Heinz Prechtl, shi ya ƙirƙiro ta. Akwai kuma gwajin ƙarfin wuya da gaɓoɓi da hoton ƙwaƙwalwa.

Dalilin gaggawar shi ne, a shekaru biyun farko ƙwaƙwalwa tana shimfiɗa hanyoyinta. Wadda ake bi kullum tana ƙarfi, wadda aka bari tana shafewa. In aka fara motsa yaro da wuri, sassan da suke lafiya sukan ɗauki wani abu daga aikin wanda ya raunana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu maganin da yake goge raunin, kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai warkar da shi cikin kwana bakwai, jarinku yake so. Amma a ƙasashen da aka yi ƙidaya, cikin yara 3 masu wannan lalura 2 suna tafiya, cikin 4 kuma 3 suna magana, kuma kusan rabinsu hankalinsu daidai yake da na kowane yaro.

Ina za a nufa?

A fara daga CSI ta unguwa, wajen awon yara. Kada a tsaya ga kilo da allurar rigakafi. Ki gaya wa ma'aikaciya abin da kika gani, ki gaya mata in yaron bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi shawara, ko ya taɓa jijjiga. Ki nemi takardar turawa zuwa likitan yara, a cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko a babbar asibitin ƙasa ta Yamai ko ta Damagaram. Daga nan ake haɗa ku da mai motsa gaɓoɓi, wanda aka fi sani da kine. A nemi a duba ji da gani, musamman ga wanda ya yi shawara. Mai farfaɗiya kuma akwai maganinta, ana sha kullum ba fashi. A shekarar 2006 aka kafa tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ku tambayi abin da ya shiga cikinsa kafin ku biya.

Aikin gida da na rumfa

Kine yana ganin yaro na ɗan lokaci, sauran sati yana hannun uwa. Abin da ya koya miki shi za ki maimaita kullum, cikin wasa. In kin goya shi, ki ware ƙafafunsa a ƙugunki, ki tallafi kansa da zane. In kasuwa ta lafa, ki sauke shi, ki shimfiɗa tabarma, ki kwantar da shi rub da ciki yana farke kina kallo, ki kaɗa masa wani abu mai launi don ya ɗaga kai. Barci kuwa rigingine. Kwali mai ƙarfi ko bahon roba da aka cusa wa tsummoki yana zama kujerar koyon zama. Ki miƙa masa abin wasa ta wajen hannun da ba ya so. Ki riƙa yi masa magana kina jiran amsarsa, ko da ido ne.

Wajen abinci a zaunar da shi, kai a tsaye, a ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, sannu-sannu. Ɗura tana da haɗari ƙwarai ga irin waɗannan yara, don abinci yana bi ta hanyar iska ya sauka cikin huhu. Kada a ja gaɓa da ƙarfi, kada a yi tsaga ko ƙona fata.

Ga maigida da abokan sana'a

Mun san abin da zuwa asibiti yake ci: kuɗin mota, kuɗin kabu-kabu, da cinikin yini guda. Nan ne mata da yawa suke karaya su daina zuwa. Maigida, wannan ɗa naka ne, kuma ba laifin uwarsa ba ne. Rakiyarka da kuɗin motarka suna cikin magani. Ƴan adashe za su iya ba irin wannan uwa ɗauka da wuri. Maƙwabciyar rumfa ta tsare mata kaya ranar da take da layi. Kakanni kuma su bar cewa a ɓoye yaro a ɗaki, don yaron da yake cikin mutane ya fi saurin koyo.

Mai ciki ta je awo, ta haihu a hannun ungozomar asibiti, a kwana cikin gidan sauro, a cika rigakafi, a karɓi maganin zazzaɓi da ake rabawa yara da damina. Wadda kuma take da goyon da wuyansa ya ƙi tsayawa, ta ɗauki karne ta tafi awon wannan sati. Allah shi raya mana zuri'a.