Ba a Ciro Ido a Wanke a Faranti

Duk lokacin da aka yi shelar aikin ido kyauta a wani gari, sai tsohuwar maganar nan ta farfaɗo: wai likita zaro idon yake yi ɗungurungum, ya ɗora a faranti, ya wanke shi tas, sannan ya mayar. Har ka ji wani yana rantsuwa cewa haka aka yi wa ƙanin kakansa. Da wannan zance ake tsorata dattijo, ya haƙura ya zauna a zaure yana laluben buta, alhali aikin da zai dawo masa da gani da wuya ya wuce rabin awa.

Ido ba ya fita ya koma. Tsokoki shida ke riƙe da shi suna juya shi, ta baya kuma akwai jijiyar gani mai zare fiye da miliyan ɗaya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. In ta tsinke, har yau ba a yi likitan da zai haɗa ta gani ya dawo ba.

Kusan shekara dubu ke nan da Ibn al-Haisam ya bayyana a Alƙahira, cikin littafinsa Kitabul Manazir, cewa haske ne ke shiga ido daga waje. Hasken yakan ratsa fatar gaba mai garai-garai, ya bi ta ɗan ɗigon baƙin da ke tsakiya, ya tarar da wani ɗan madubi da faɗinsa bai fi santimita ɗaya ba. Shi ne ke ƙarasa tattara hasken ya sauke shi daidai a kan shimfiɗar da ke can bayan ido, inda ake juya shi ya zama saƙo.

To, yanar ido ita ce dusashewar wannan ɗan madubi, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata. Da yawa sun ɗauka wata fata ce ta rufe ido ta waje, wadda za a iya narkarwa ko a goge. Shi ya sa ake ɗiga zuma, ana ɗiga ruwan albasa, ana ɗiga nonon mai shayarwa, ana sayen ƙananan kwalabe a tasha daga hannun mai lasifika. Abin yana can ciki. Dubi ruwan ƙwai ɗanye, kana hango ƙasan kwano ta cikinsa. Da ya dahu ya yi fari, me za ka zuba masa ya koma yadda yake? Haka madubin nan yake komawa a hankali saboda tsufa, ko ciwon suga, ko bugu, ko yawan ɗiga wasu magunguna ba da izinin likita ba. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke warkar da shi. Sai an cire an sa wani.

Wanda ya gudu daga asibiti sau da yawa hannun masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinke yake faɗawa. Su sukan soka ido su tura madubin ya faɗa can ciki. Nan take mutum ya ga haske, ya ga gilmawar jama'a, gida ya kaure da guɗa, mai tsinke ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Bayan kwanaki sai zogi da kumburi, ga shi kuma ba abin da zai tattara haske. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar masu shekara 40 zuwa sama, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana irin wannan sukar aka yi musu, mafi yawansu ba su tsira da gani mai amfani ba.

A asibiti, kashe zafin wurin kawai ake yi, mutum yana farke yana jin hirar ma'aikata. A tsaga 'yar ƙofa a gefen baƙin ido, a fitar da gurɓataccen madubin, a sa na roba a gurbinsa, a rufe da bandeji, galibi a buɗe washegari. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa bai dame su ba. Ana yin aikin a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa. Kuma a daina cewa sai yanar ta nuna. Da zarar ta hana mutum karatu ko sana'a, lokaci ya yi.

Hukuma ma da nata. Aikin kyauta na kwana uku da alluna masu hotunan manya ba zai wadatar ba in babu wanda zai duba majinyaci bayan sati biyu, kuma mai tsinke yana cin kasuwa ne inda likitan ido ya yi nisa.

Sai dai ba kowane hazo ba ne yana. Hawan jinin ido jijiyar gani yake ci a ɓoye, abin da ya ci kuwa ba tiyatar da za ta dawo da shi, sai dai a ceci saura. Mai karatu, in ka haura arba'in, ko akwai tsoho a gidanku da ya fara cewa gari ya yi masa hazo, ku je a auna tun kafin kowa ya ɗiga masa wani abu.